Hawan Sallah a idon baƙo: wa ke riƙe da kyamara?

Malam Habibu, Garwa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, ina so masu sani su taya ni warware shi. Ranar 31 ga Disamban da ya wuce a gida na wuni saboda ciwon ƙafa, talabijin a kunne tun hantsi. Da ƙarfe biyu na rana, ban jima da idar da azahar ba, aka nuno gadar birnin Sidni na Ostareliya tana aman wuta kala-kala, domin su a can sha biyun dare ta yi. Da ƙarfe tara na dare aka koma Dubai, aka nuno dogon benen nan Burj Khalifa mai tsawon mita 828 yana zubar da tartsatsi tun daga ƙoli har ƙasa. Washegari da na dawo daga masallaci da asuba sai na tarar yara sun sake kunnawa, ana nuna dandalin Times Square na Niyok, jama'a na ƙirga daƙiƙoƙi a cikin sanyi. Tashoshi uku na leƙa, ta Faransa da ta Larabawa da tamu ta gida, amma hotunan iri ɗaya ne, kai ka ce daga tukunya ɗaya aka kwaso su.

Abin da ya tsaya mini shi ne maganar ɗana mai shekara 14, wanda bai taɓa wuce Ngaundere ba a rayuwarsa. Yana gama kallon Dubai ya ce da ni in ya girma can zai tafi, kuma bai faɗe shi da wasa ba. Babu wanda ya yi masa talla, abin da ya kalla sunansa labaran duniya, amma aikin da rahoton minti biyu ya yi a zuciyarsa ya fi na allon talla ɗari.

Tambayata kashi biyu ce. Ta wace hanya ake shirya irin wannan rahoto har ya ja hankalin mutumin da ba ya jin harshen masu bikin, bai kuma san dalilin bikin ba? Sannan mu a Arewacin Kamaru da muke da hawan Sallah, da dawakai da algaita da kakaki, me ya hana namu ya yi wa yaron da ke Faransa ko ƙasar Sin abin da na Dubai ya yi wa nawa?

Malama Hadiza, Ngaundere:

Wa alaikumus salam Malam Habibu, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi shekaru a ɗakin tace labarai na wata tasha kafin na ajiye aiki, don haka kashi na farko na tambayarka zan taɓa. Da ka ce kamar daga tukunya ɗaya aka kwaso hotunan, gaskiya ka faɗa ba tare da ka sani ba. Tasharmu ba ta taɓa tura wakili Sidni ko Dubai ba, ba ta da kuɗin yin haka. Sau da yawa masu bikin ne da kansu suke kafa kyamarori a inda suka zaɓa, su ɗauka, su miƙa wa kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AFP, su kuma su rarraba wa tashoshin duniya. Wanda ya zaɓi inda kyamara za ta tsaya shi ne ya rubuta labarin tun kafin ɗan jarida ya buɗe baki. Ƙari a kan haka, ƙarshen shekara lokaci ne da labarai suke ƙaranci, majalisu suna hutu, ma'aikata rabi sun tafi gida, edita yana neman abin da zai cike minti talatin da shi. Idan aka kawo masa hoto mai kyau wanda ba sai ya biya tafiya ba, hannu biyu zai sa ya karɓa.

Shi kansa rahoton yana da tsari wanda duk mai tacewa ya haddace. Ana buɗewa da hoto daga sama, domin mai kallo ya ga yawan jama'a, ya ji a ransa cewa abin da ya tara mutane haka ba ƙarami ba ne. Daga nan sai a kusanto fuska ɗaya, yawanci yaro a kafaɗar ubansa ya buɗe baki yana kallon sama, domin taro ba ya taɓa zuciya sai an fitar da mutum guda daga cikinsa. Sai kuma a zo wurin da nake ganin shi ne ƙashin bayan aikin duka, wato a nemo baƙo a miƙa masa makirufo. Ba ɗan gari ake nema ba, domin ɗan gari ya yabi garinsu ba labari ba ne. Ana neman wanda ya zo daga wata ƙasa ya ce ya biyo doguwar hanya kuma bai yi nadama ba. Mai kallo da ke waje yana ganin wannan baƙo sai ya sa kansa a matsayinsa, ya ce ashe irina ma suna zuwa, kuma ana maraba da su.

Akwai kuma maganar sauti, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Mai tacewa yakan bar daƙiƙa huɗu ko biyar babu maganar kowa, sai ƙarar wuta ko ganguna ko ihun jama'a, domin wannan ba ya buƙatar tafinta. Duk abin da ke buƙatar dogon bayani, kamar asalin bikin da ma'anarsa ga masu shi, shi ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure. Na yanke irinsa da hannuna fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Alhaji Bawa, Njamena:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan kawo shaida daga kasuwa. Na shekara fiye da goma ina zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin sayen kaya, kuma sabuwar shekarar mutanen Sin, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, mu 'yan kasuwa da fargaba muka san ta. Masana'antu suna rufewa na makonni, ma'aikata suna komawa ƙauyukansu, kayan da ba a loda ba kafin lokacin sai dai ka yi haƙuri. Shekara ɗaya na makara, na zauna a otal kwana da kwanaki, titin da na saba ganin ba masaka tsinke ya zama kamar an share, har wurin cin abincin halal sai da na sha wahalar samu.

Amma da na kunna talabijin a ɗakin otal ɗin, wata duniya ce daban. Akwai gagarumin shirin daren jajibiri da tashar gwamnatinsu take gabatarwa tun 1983, yanzu kuma tasharsu ta waje CGTN tana kawo wa masu jin Faransanci da Larabci labarinsa, sashen Hausa na rediyonsu ma yana ba da nasa rahoton. A cikin rahotannin da wuya ka rasa ɗalibi baƙar fata zaune a gidan wani iyali, an koya masa naɗe ɗan abincin nan nasu na ƙullin fulawa, yana gaisuwa da harshensu ana tafa masa. Ni da nake zaune ni kaɗai a garin, babu wanda ya gayyace ni gidansa, sai da hoton ya sa na ji kamar ƙasar tana ƙaunata. Ba zan ce ƙarya suka yi ba, domin ɗalibin na gaske ne, gidan ma na gaske ne. Zaɓe suka yi, suka nuna falo suka rufe ƙofar bayan gida, kuma kowane mai gida haka yake yi idan baƙo ya zo.

Faransawa ma sun iya wannan. A faretin ranar ƙasarsu, 14 ga Yuli na 2010, sun gayyato sojojin ƙasashen Afirka 13, har da na Chadi da na Kamaru, suka yi maci a babban titin Faris. A unguwarmu ranar har masu zagin Faransa kullum sai da suka zauna gaban talabijin suna jiran a nuno tutarmu.

Malam Habibu, Garwa:

Alhaji, wannan misali na ƙarshe ya buɗe mini ido. Ke nan hanya mafi sauƙi ta jawo mutum ya kalli bikinka ita ce ka sa ɗan'uwansa a ciki. To, mu koma gida. Ina Usmanu, wanda ya yi aiki da masu yawon buɗe ido?

Usmanu, Marwa:

Ga ni Malam, ina biye da ku tun farko. Na yi shekaru ina yi wa Turawa jagora, daga Marwa zuwa gandun dajin Waza, zuwa duwatsun Rumsiki, wani lokaci har fadojin lamibe, wato sarakunanmu, idan zuwansu ya dace da Sallah. A lokacin, da yawa daga cikinsu da na tambaya me ya kawo su, amsar ita ce sun ga wani shiri a talabijin, ko dai mahaya sun taso a guje da masu a hannu, ko kuma tsohon nan na Rumsiki mai duba da ƙaguwa. Saboda haka ban yarda cewa namu bai taɓa jan kowa ba. Ya ja, har mun ci abinci da shi, mu da masu otal da direbobi da masu sana'ar fata a kasuwar masu aikin hannu ta Marwa.

Abin da ya faru kowa ya sani. Ranar 19 ga Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, a kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza. An sako su bayan wata biyu, amma sana'armu ba a sako ta ba har yau. Tashoshin da suka nuna dawakanmu su ne suka kwana suna nuna taswirar jihar Arewa Mai Nisa, ma'aikatun harkokin wajen ƙasashensu suka gargaɗi mutanensu kada su zo, kamfanonin tafiye-tafiye suka cire mu daga jerinsu. Rahoton biki minti biyu ne a shekara, rahoton tashin hankali kuwa kullum ne, kuma shi ne yake zama a ƙwaƙwalwa.

Zan ƙara da wani abu da na gani da idona, wanda har yanzu yake damuna. Wata shekara na raka ma'aikatan wata tashar waje su uku zuwa wani gari, muka isa bayan an gama hawa saboda mota ta lalace mana a hanya. Suka ce ba za su koma hannu rabbana ba. Aka roƙi mahaya shida suka sake ɗaura sirdi da la'asar, mai ɗaukar hoton ya kwanta rubda ciki a ƙasa domin dawakin su fito manya, aka sa su suka yi sukuwa sau huɗu daga wuri ɗaya. Wani yaro mai tallar ruwan leda ya shigo, aka kore shi, aka ce a ɗauke baburan da ke jingine a bango, aka ce wani mahayi ya cire tabarau da agogonsa. Da shirin ya fito, wanda bai san wurin ba zai rantse mahaya hamsin ne, kuma zai rantse garin bai taɓa ganin babur ba. Dubai suna nuna wa duniya cewa sun riga kowa shiga gobe, mu kuma aka nuna mu kamar ba mu fito daga shekaranjiya ba.

Modibbo Aliyu, Kusiri:

Bismillah. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina ganin an tsallake wani abu tun a tambayar farko. Malam Habibu ya jera wasan wutar Dubai da hawan Sallah a sahu ɗaya kamar kaya iri ɗaya ne a rumfa ɗaya. Wasan wuta an shirya shi ne domin a kalla, idan babu mai kallo asara aka yi. Idi kuwa ibada ce, ko mutum goma ne suka fita fili ba tare da kowa ya gan su ba, ta cika. Hawan da ke biyo baya al'ada ce ta gaisuwa tsakanin sarki da jama'arsa, ban ce haramun ba ne, amma a jikin ranar ibada yake rataye. A shekarun nan ina ganin samari suna shiga gaban sahu da waya a hannu liman yana kabbara, wasu ma ba su yi sallar ba, hoto suka zo ɗauka. Idan muka fara tunanin yadda za mu burge baƙo, ina tsoron ranar da za a ce liman ya jinkirta salla har hasken rana ya yi daidai da yadda kyamara take so.

Malama Hadiza, Ngaundere:

Allah gafarta Malam, tsoronka yana kan hanya, amma ina neman izini in kawo wani misali. Aikin Hajji da sallolin Ramadan a Harami suna cikin abubuwan da aka fi nuna wa duniya. Akwai tashar da ke nuna Ka'aba dare da rana ba yankewa, huɗubar Arfa kuma yanzu ana fassara ta kai tsaye zuwa harsuna da dama, har da Hausa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a gaban wannan tasha take shan ruwa kowane azumi, kuma tashar ce ta sa ta sayar da shanunta biyu ta tafi Umra. A 2020, lokacin annoba, da aka nuno filin ɗawafi babu kowa, mutane sun yi kuka a gidajensu a nan Ngaundere. Wannan ma jan hankalin mai kallo na waje ne, kuma dabarun su ne dai waɗanda na lissafa, hoto daga sama, sannan fuskar dattijo yana hawaye.

Modibbo Aliyu, Kusiri:

Malama, Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa ta huta. Misalinki ya yi, amma ki duba bambancin da ke tsakaninsa da labarin Usmanu. A Harami kyamara ce take bin ibada, ba a taɓa ce wa masu ɗawafi su koma su sake zagaye ɗaya domin hoton bai fito ba, ba a kuma ce wa alhaji ya cire tabarau. Masu wurin ne suke riƙe da kyamarar, su ne suka ajiye ta inda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Idan haka za a yi a nan, ba ni da ja.

Malam Habibu, Garwa:

Modibbo ya kama bakin zaren, sai dai a matsayina na mai koyar da tarihi dole in ɗan dagula lissafin. Hawan da muke gani a yau bai tsira daga idon baƙo ba tun da daɗewa. Hawan Sallah ya girmi zuwan Turawa, wannan babu shakka, amma kalmar daba da ake kiran babban hawa da ita a Najeriya daga Indiya Ingilishi suka kawo ta, inda suka yi wa sarkinsu gagarumin taro a Delhi a 1911. A 1956 aka tara sarakunan Arewa da dawakansu a Kaduna domin Sarauniya Elizabeth, aka ɗauka a fim aka nuna a gidajen sinima na Ingila, aka kuma sake irinsa a Kaduna a 1977 lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya. A nan wajenmu kuma sunan fantaziya da ake kiran hawa da shi a takardun yawon buɗe ido ba mu muka raɗa shi ba, ta bakin Faransawa ya zo mana. Ke nan an daɗe ana gyara wa baƙo zama a cikin hawa.

Akwai ma inda kyamara ta haifi biki daga babu. A da a birnin Meziko ba a yin babban jerin gwano a ranar tunawa da matattu, al'adar a gidaje da maƙabartu take. Sai wani fim na James Bond ya fito a 2015 yana nuna irin wannan jerin gwano a tsakiyar birnin, hukumomi suka ga duniya ta ɗauka da gaske ne, suka shirya na gaske a 2016, kuma ana yinsa tun daga lokacin. Yau tashoshi suna nuna shi a matsayin tsohuwar al'ada.

Sannan ku lura da yadda ƙasashe suke neman hatimin UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke da jerin al'adun duniya na gado, domin yana ba ɗan jarida jimlar da zai buɗe rahoto da ita. Bikin Nguon na Fumban ya shiga jerin a 2023. A Disamban 2024, a zama ɗaya da aka yi a Paraguwai, aka shigar da Ngondo na mutanen Duwala, da hawan Sallar Kano, da sabuwar shekarar mutanen Sin. Kudancin Kamaru ya samu biyu a jere, mu a Arewa da muke da Rai Buba da Garwa da Ngaundere da Marwa har yanzu muna kallo. Kano kuma, da ta samu hatimin, an sha dakatar da hawa a 'yan shekarun nan saboda rikicin sarauta, wanda ke nuna cewa takarda ba ta hawa doki.

Baba Garba, Garwa:

Jikana ne yake karanta mini maganganunku, shi ne kuma yake rubuta nawa. Na haura shekara arba'in ina hawa a bayan Lamido, ubana ma ya hau. Kuna ta maganar baƙo, babu wanda ya tambayi mai doki. Doki ba a ranar Sallah kaɗai yake cin abinci ba. Shekara guda cur ana saya masa harawa da dusa da dawa da kanwa, ana biyan yaron da ke yi masa ciyawa, ga sirdi da linzami da jalala, ga rigar mahayi da rawaninsa. Daga aljihunmu duk wannan yake fita, kuma da yawa daga cikin abokan hawana sun sayar da nasu sun sayi babur. Mai kyamara zai zo da safe, ya ɗauka, ya tafi da yamma, a nuna a ƙasashen da ban san sunansu ba, ni kuwa ko kuɗin goro ban taɓa gani ba. Ban ce a biya ni kafin in gaida sarkina ba, Allah ya kiyaye, amma wanda zai ci riba da hotona ya kamata ya san dokin yana da ciki.

Abu na biyu, abin da suke kira wasa ba wasa ba ne. Idan muka taso a guje muka ja linzami a gaban Lamido muka ɗaga hannu, jahi ke nan, caffa ce, muna cewa muna nan a bayansa kamar yadda iyayenmu suka kasance. Kowace ƙungiya da lokacin fitowarta, kowane mai sarauta da matsayinsa, kuma mai algaita ba busa kawai yake yi ba, kirari yake faɗa wanda masu ji suke ji. Jikana ya taɓa fassara mini wani rahoto, duk abin da aka ce shi ne mahaya masu kaya kala-kala sun nishaɗantar da jama'a. Raina ya ɓaci ranar.

Bara kuma wani yaro ya tayar da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto, ya sauko da shi daidai kan dawakai muna jiran fitowa. Ƙararsa kamar ta taron zuma. Dokin da ke kusa da nawa, ɗan shekara huɗu wanda bai saba ba, ya yi tsaye da ƙafafun baya, ya yar da mahayinsa, ya nufi wajen mata da yara. Allah ne ya tsare, wani zagi ya riƙe shi. Da dogarai suka nemi mai jirgin, ya riga ya shige cikin taro.

Nafi'u, Yawunde:

Baba, Allah ya ƙara girma, kuma ina ba da haƙuri a madadin masu irin wannan jirgi, domin nima ina da shi. Ina so in ce iyayena a wannan zaure suna ta kallon Turai, alhali baƙon da ya fi kusa da zuwa ba Bature ba ne. Lokacin gasar cin kofin Afirka, ranar 11 ga Janairun 2022 da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Ajiya, Garwa cike take da mutanen Yola da Mubi da Kano. Da yawansu ba su san ana jin Hausa da Fulatanci a garin kamar gida ba sai da suka zo, kuma abin da suka ɗauka da wayoyinsu suka watsa a Facebook da TikTok ya gabatar da Garwa ga mutanen da babu tashar Faransa da za ta kai gare su. Ghana ma da ta yi shekarar komawa gida a 2019, jikokin bayi na Amurka da Karibiyan ta yi wa kira, wato mutanen da suke da dalilin zuwa.

A Sallar da ta wuce na saka bidiyon hawa na minti ɗaya, na rubuta sunan kowace ƙungiya da ma'anar jahi a ƙasa da Hausa da Faransanci. Waɗanda suka yi magana a kai daga Kumasi suke, da Jidda, da Sudan, da Agadas, kuma tambayoyinsu ba irin na masu yawon buɗe ido ba ne. Wani yana tambaya ko har yanzu ana sa lifidi, wata tana cewa kakanta daga Garwa ya tashi ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Adda Hadiza ta ce bayani ake fara yankewa, amma a wurin irin waɗannan masu kallo bayanin ne suke nema.

Alhaji Bawa, Njamena:

Yaro ya yi magana, amma a bar ɗan kasuwa ya yi lissafi. Mai kallo daban, mai zuwa daban. A nan Chadi ana yin Gerewol, bikin rawar samarin Fulani Wodaɓe, a wajen Durbali bayan damina, kuma Turawa suna zuwa duk shekara, domin akwai kamfanonin da suke karɓarsu a filin jirgin Njamena, su kai su da mota, su kafa musu tanti, su dawo da su. Hoto ne ya kira su, amma hanya ce ta kawo su. Ɗana ya kai ni wajen sau ɗaya, na ga masu kyamara sun yi wa samarin da ke rawa zobe har 'yan matan da ake rawar dominsu sai leƙe suke yi ta bayan kafaɗun baƙi. Kuɗin kuma mafi yawansa a hannun masu motoci yake tsayawa. Duk wanda ke son Garwa ta samu irin wannan, ya fara zuwa ya ga wannan zoben kafin ya yi addu'a.

Malama Hadiza, Ngaundere:

Nafi'u ƙanena, idan za ka sake ɗauka bana, ka shiga cikin gida tun daren jajibiri, da izinin masu gida. Duk rahotannin da na tace a rayuwata babu wanda ya nuna mata suna kwana a gaban murhu, ko mai ƙunshi, ko tela da ya yi sati bai runtsa ba, ko yara suna yawon barka da Sallah gida-gida. Mu ma da muke kuka da Turawa, dawakai kawai muke nunawa.

Baba Garba, Garwa:

Na ji maganar kowa. Nafi'u, idan da gaske kake, ka zo Garwa kwana uku kafin Babbar Sallah ka same ni, jikana zai ba ka kwatance ta waya. Zan zaunar da kai in faɗa maka jerin masu fitowa ɗaya bayan ɗaya, da kirarin kowa, ka rubuta da Hausa da Faransanci, domin duk ɗan jaridar da ya zo a miƙa masa takardar, kada ya sake cewa nishaɗi muke yi. Zan kuma kai maganar gaban manya a fada, a ware wa masu kyamara wuri a gefen inuwa inda doki ba ya bi, a hana kowa shiga gaban sahu a filin Idi kamar yadda Modibbo ya nema. Jirginka kuwa ka zo da shi tun da wuri, mu kai shi bargar dawakai ka riƙa tayar da shi daga nesa safe da yamma har su saba da ƙararsa. Idan ranar ta zo ba su saba ba, a jaka zai kwana.